Guduma, Waya da Kunnen Ƙasa: Yadda Ake Auna Ƙarfin Ƙasar Gini da Igiyoyin Girgiza a Sakkwato

Duk wanda ya taɓa haƙa ramin fandisho a tudun Sakkwato ya san marmara. Diga na sauka tana tartsatsin wuta, lebura na sharce gumi, mai gini kuwa sai murna, yana cewa Allah ya ba shi ƙasa mai ƙarfi. Abin da diga ba ta faɗa masa ba shi ne, wannan ɓawo mai tauri sau da yawa bai wuce 'yan mitoci ba, kuma abin da ke kwance ƙarƙashinsa zai iya zama yumɓu mai laushi ko rairayi jiƙe da ruwa. Gidan ƙasa ko bene hawa ɗaya ba lallai ya damu ba. Amma tankin ruwa na sama, da gada, da asibiti mai hawa biyar, da hasumiyar masallaci, da bangon madatsar ruwa, nauyinsu da motsinsu suna kaiwa inda diga ba ta kai ba.

Wannan jagora ta injiniyoyi ce da ɗaliban kimiyyar ƙasa, da kuma mai ba da kwangila da ke son fahimtar rahoton da aka miƙa masa. Hanyar da zan bayyana ita ce wadda ake kira MASW: a bugi ƙasa da guduma, a saurari igiyoyin da suka ratsa samanta, daga nan a gano taurin kowane hawa na ƙasa har zurfin mita 30 ba tare da an haƙa rami ba.

Mu da ba mu saba da girgiza ba

Gaskiya ce, Sakkwato ba ta cikin yankunan da girgizar ƙasa ta addaba, kuma ba zan tsorata kowa da abin da babu ba. Sai dai Najeriya ba ta rasa motsi. An ji shi a Ijebu-Ode a 1984, a Kwoi ta jihar Kaduna a 2016, da Mpape a Abuja a watan Satumban 2018. Cibiyar da ke Toro a jihar Bauchi, ƙarƙashin NASRDA, hukumar binciken sararin samaniya ta ƙasa, aikinta ke nan, sa ido kan irin wannan motsi. A maƙwabta kuma, girgizar Akara, babban birnin Ghana, ta 1939 ta rusa gidaje, ta ƙasar Gini ta Disamban 1983 ta kashe ɗaruruwan mutane a yankin da ba wanda ya zata.

Darasin da ya fi shafar mu ya zo ne daga birnin Meziko, ranar 19 ga Satumba, 1985. Tushen girgizar yana can bakin teku, nisan kusan kilomita 350. Unguwannin da ke kan dutse sun ji ta sama-sama. Tsakiyar birnin, da aka gina kan lakar tsohon tafki, ta yi ta rawa kamar kunu a ƙwarya, benaye masu hawa shida zuwa goma sha biyar suka fi zubewa, dubban rayuka suka salwanta. Girgiza ɗaya ce, ƙasa ce ta bambanta. Ƙasa mai laushi tana karɓar ƙaramin motsi ta ninka shi, ta kuma tsawaita shi. Wanda ya san fadamar Rima, ya san lakar da ke kwance daga Kwalkwalawa zuwa Dundaye, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Ko da girgiza ba ta taɓa zuwa ba, awon bai tafi a banza ba. Lambar da za ka samu ita ce ake amfani da ita wajen tsara mazaunin manyan injina masu jijjiga, da ƙiyasta yadda gini zai nitse, da duba jikin madatsar ruwa irin ta Goronyo ko Bakolori.

Me ake aunawa?

In ka bugi ƙasa, motsi iri-iri ne ke fita. Akwai igiyar P, mai matsa ƙasa ta sake ta, ita ce mafi sauri. Akwai igiyar S, mai goce ƙasa gefe da gefe. Sannan akwai masu bin saman ƙasa, kuma babbarsu ita ce igiyar Rayleigh, wadda aka raɗa wa sunan masanin Ingila da ya yi lissafinta a 1885. Wajen kashi biyu cikin uku na ƙarfin bugun guduma ita ke kwashewa, shi ya sa kama ta ba wuya.

Abin da injiniya ke nema shi ne gudun igiyar S, wanda ake rubutawa Vs. Dalili kuwa, ruwa ba ya ɗaukar gocewa. Igiyar P da zarar ta shiga ƙasa mai cike da ruwa sai ta koma gudun ruwan, wajen mita 1500 a daƙiƙa, ko da ƙasar ta kai lakar tafki laushi. Ita kuwa S ƙwayoyin ƙasar kawai take bi, don haka ba ta yi maka ƙarya. Daga gudunta ake samun taurin ƙasa kai tsaye: a ninka gudun da kansa, a ninka da nauyin ƙasar. Ƙasa mai nauyin kilo 1800 a kowace kubik mita, da Vs na mita 200 a daƙiƙa, taurin gocewarta megafaskal 72 ne (megafaskal ma'aunin ƙarfin matsi ne). Igiyar Rayleigh kuma gudunta ya kai wajen kashi 92 cikin ɗari na gudun S, saboda haka wanda ya auna ɗaya ya kusa sanin ɗayar.

Sirrin hanyar yana cikin abin da mai sauraron rediyo ya riga ya sani, wato zango. Bugu ɗaya yana haifar da igiyoyi masu gajeren zango da masu dogon zango a lokaci guda. Mai gajeren zango, mai saurin kaɗawa, a sama take yawo, ƙasar sama kawai take ɗanɗana. Mai dogon zango tana nitsewa, tana jin abin da ke can ƙasa. Tunda taurin ƙasa yana canzawa da zurfi, kowace da gudunta, sai su rarrabu a hanya kamar 'yan tsere. Lissafin ɗaya ne: gudu daidai yake da yawan kaɗawa a daƙiƙa sau tsawon zango. Igiya mai kaɗawa sau 40 a daƙiƙa, wato 40 Hz, da gudun 160, zangonta mita 4 ne, ba ta san komai ba in an wuce zurfin mita biyu. Mai 5 Hz da gudun 300 zangonta mita 60, tana kawo labari daga zurfin mita 20 zuwa 30.

A farkon shekarun 1980 Nazarian da Stokoe na jami'ar Texas suka fara aikin da na'urorin saurare biyu. A 1999 Park da Miller da Xia na hukumar binciken ƙasa ta Kansas suka wallafa hanyar amfani da na'urori da yawa a jere, ita ce MASW.

Mataki na farko: san ƙasar kafin ka taka ta

Sakkwato tana gefen kudu maso gabas na babban kwarin Iullemmeden, wanda ya miƙe har cikin Nijar da Mali. Duwatsunta na kwanciya ne, hawa kan hawa, suna ƙara kauri in an nufi arewa maso yamma, kuma sunayensu na garuruwanmu ne: Gundumi da Illo a can ƙasa, sai Taloka da Dukamaje da Wurno, sai yumɓun Dange, sai dutsen farar ƙasa na Kalambaina da ake yin siminti da shi, sai Gamba, sai Gwandu a sama. Ka nemi taswirar hukumar binciken ƙasa ta Najeriya ka ga wanne filinka ya hau.

Sannan ka nemi bayanan haƙar rijiyoyin burtsatse na kusa. In babu a rubuce, ka zauna da masu haƙa rijiya na unguwar. Tsohon mahaƙi zai gaya maka a gaba nawa marmara ta ƙare, a gaba nawa aka shiga farar ƙasa, a ina ruwa ya ɓullo. Wannan bayani zai cece ka daga baya, lokacin da kwamfuta ta ba ka amsoshi uku duk masu kama da gaskiya.

Kada ka shimfiɗa waya a filin mutane ba ka gaida mai unguwa ba. Wata rana a bakin fadama, muna tsakiyar jera kaya, wani dattijo mai noman albasa ya tsaya a kanmu ya ce, "Ɗana, mi kuka biɗa cikin ƙasan ga?" Na ce, "Baba, ƙarfinta muke aunawa, don ginin da za a ɗora kada ya zauna a kan laka." Ya yi shiru, sannan ya nuna mana wani layi da ke ratsa filin, ya ce nan tsohuwar hanyar ruwa ce da rairayi ya cike tun yana yaro. Da ba mu yi magana da shi ba, da mun shimfiɗa layinmu rabi a kan laka rabi a kan rairayi, aikin ranar ya lalace. A wuraren da ke nesa da gari kuma, ka tambayi halin tsaro kafin ka ɗauki ma'aikata.

Mataki na biyu: kaya da shimfiɗa

Kana buƙatar na'urar naɗar girgiza mai ƙofofi 24, da jiyofon 24, wato kunnen ƙasa, masu jin motsin sama da ƙasa. Ka tabbata na 4.5 Hz ne. Na 14 Hz ko sama, waɗanda aka saba gani a wasu ɗakunan gwaji, ba sa jin igiyoyi masu dogon zango da kyau, kuma su ne ke kai ka zurfi. Sai guduma mai nauyin kilo 8 zuwa 10, da farantin ƙarfe ko na roba mai tauri da za a buga, da makunnin da ake ɗaurewa a ƙotar guduma don na'ura ta san lokacin bugu, da tef ɗin awo, da batir, da kwamfuta, da laima.

Tsawon layi shi ke yanke zurfin da za ka gani, kusan rabinsa. Jiyofon 24 da tazarar mita 2 suna ba da layin mita 46. Da tazarar mita 3 kuwa, mita 69. Tazarar kanta ita ke yanke iyakar sama: zangon da ya gaza ninki biyu na tazara ba abin yarda ba ne. Don haka layi ɗaya ba ya biyan buƙata biyu. Ni nakan yi biyu a wuri guda, gajere mai tazarar mita 1 don ƙasar da fandisho zai zauna, da dogo mai tazarar mita 3 don zurfi, tsakiyarsu ɗaya.

Layin ya miƙe sak, a ƙasa mai shimfiɗa, nesa da bakin kwalbati ko gangaren rafi ko katanga, domin waɗannan suna mayar da igiya baya ta gauraya da mai zuwa. Lissafin MASW ya ɗauka cewa ƙasar da ke ƙarƙashin layin duka iri ɗaya ce daga farko zuwa ƙarshe, abin da ke canzawa zurfi ne kawai.

Kafa jiyofon aiki ne na haƙuri. Kowanne ya tsaya a miƙe, ƙusarsa ta shige duka, in ka taɓa shi da yatsa kada ya yi lilo. A rairayi ka share na sama ka kafa a mai danshi. A baƙar lakar fadama da rani ya tsattsage, ka guji bakin tsaga, ka nemi tsakiyar dunƙule. A kan marmara ko daɓen siminti ka cire ƙusa ka sa gindin faranti, ko ka huda ƙaramin rami. Lokacin hunturu iska na kaɗa waya, ka danne ta da ƙasa, ka ɗan binne kawunan jiyofon. A sa yaro ɗaya ya tsare layi, don awaki suna son tauna waya.

Zafin watan Afrilu, da yakan haura digiri 40, yana kashe kwamfuta ya raunana batir, ya kuma gajiyar da mai guduma har bugunsa ya daina zama iri ɗaya. A fara bayan sallar asuba, a gama kafin hantsi ya yi nisa. Lokacin ne ma gari ya fi shiru.

Mataki na uku: bugu

Saita na'ura ta ɗauki awo kowane rabin milidaƙiƙa ko ɗaya, tsawon naɗi daƙiƙa 2. A ƙasa mai laushi igiya tana tafiyar hawainiya, in naɗin ya gajarta za ka yanke wutsiyarta kafin ta kai jiyofon na ƙarshe. Kada ka kunna matatar da ke zubar da ƙananan kaɗawa.

Ajiye faranti a kan layin, bayan jiyofon na farko. Kusa da wurin bugu igiyar Rayleigh ba ta gama haɗuwa ba, takan nuna gudun da bai kai na gaskiya ba. Nesa ƙwarai kuma, gajerun zango sun mutu a hanya. Maganin shi ne a buga daga wurare uku, misali mita 5, da 10, da 20. A kowane wuri a yi bugu biyar zuwa goma a tara su, domin hayaniya ta ragu, sigina ta fito. Mai guduma ya sauke ta sau ɗaya, kada ta yi tsalle ta sake dira. Kowa ya tsaya cak har naɗi ya ƙare. In tirela ko ɗan kabu-kabu ya wuce, a zubar da wannan bugun a sake. Janaretan maƙwabta kuwa sai roƙo.

Da ka gama, ka ɗauki faranti ka koma ɗaya ƙarshen layin ka maimaita duka. Mutane da yawa suna tsallake wannan don gajiya, alhali shi kaɗai ne shaidarka. In sakamakon gaba da na baya sun yi daidai, ƙasar ƙarƙashin layin iri ɗaya ce. In sun saɓa, akwai canji a gefe, sai ka gajarta layi ko ka juya shi. Ka duba hoton farko tun kana fili, kafin a naɗe waya.

Mataki na huɗu: sauraro ba bugu

Guduma da wuya take ba da ƙarfi ƙasa da 6 ko 8 Hz, don haka sau da yawa takan tsaya a mita 15 zuwa 20. Don a cike sauran, sai a saurari jijjigar da gari ke yi da kansa. Tirelolin siminti da ke fitowa daga Kalambaina, waɗanda ɗazu suke ɓata maka aiki, yanzu su ne gudumarka. Keiiti Aki na Japan ya kafa lissafin wannan tun 1957. A jera jiyofon a da'ira, ko kusurwa uku, ko siffar L, saboda ba ka san ta inda jijjigar ke zuwa ba, kuma layi miƙaƙƙe yakan ƙara wa gudu in ta zo a karkace. A naɗa minti 20 zuwa 30.

In kana da na'ura mai jin motsi ta fuska uku, ka ajiye ta a tsakiyar filin rabin awa. Raba motsin gefe da na sama da ƙasa, hanyar da Nakamura ya yaɗa a 1989, yakan nuna ƙololuwa a daidai kaɗawar da ƙasar wurin ta fi so. Wannan lamba za ta yi amfani nan gaba.

Mataki na biyar: karanta hoton rarrabuwa

Nan ne aikin yake, nan ne kuma ake yawan faɗuwa. Manhaja, ko Geopsy da ake samu kyauta, ko SurfSeis, ko SeisImager, za ta mayar da naɗinka hoto: kaɗawa a kwance, gudu a tsaye, launi mai haske inda ƙarfi ya taru. A ƙasar da taurinta ke ƙaruwa da zurfi, za ka ga zare ɗaya mai haske yana gangarowa daga babban gudu a hagu zuwa ƙarami a dama. Shi ne zaren asali. Aikinka ka bi shi kana sa ɗigo.

Matsalar ita ce ba shi kaɗai ba ne. Kamar yadda tsirkiyar molo ke da muryar gindi da wasu sirara a samanta, haka igiyar Rayleigh ke da zaren asali da wasu zaruruwa masu gudu fiye da shi. Wani lokaci ƙarfin yakan tsallake daga na asali ya koma na sama, hoton ya nuna kamar zare ɗaya ne ya yi tsalle. Wanda ya bi haske ido rufe, ko ya bar manhaja ta zaɓa masa, zai haɗa zare biyu ya kira su ɗaya. Sakamakon shi ne ƙasa ta fito da tauri fiye da yadda take, kuskuren da ya karkata zuwa ɓangaren haɗari.

Ƙasar Sakkwato ta fi jawo wannan tsalle, kuma marmara ce sanadi. Inda ɓawo mai tauri ya rufe yumɓu mai laushi, ko farar ƙasar Kalambaina ta hau kan yumɓun Dange, tsarin ya juye: sama ta fi ƙasa gudu. Alamarsa a hoto, zaren ya sauka, sannan a manyan kaɗawa ya fara hawa, sau da yawa mataki-mataki kamar matattakala. Titin kwalta da daɓen siminti ma suna yin haka. In ka ga wannan, kada ka goge shi don hoton ya yi kyau. Shi ne labarin da ka zo nema. Ka sa wa kowane zare ɗigonsa daban, ko ka yi amfani da manhajar da ke kwatanta hoton gaba ɗaya.

Ka ɗora sakamakon duk wuraren bugu shida a kan juna, da na sauraro. Inda suka haɗu, ka yarda. Inda suka watse, yawanci a ƙananan kaɗawa, faɗin watsewar shi ne girman shakkarka, ka adana shi. Ka yanke duk ɗigon da zangonsa ya wuce tsawon layinka. Na sha ganin rahoto mai zanen ƙasa har mita 30 daga layin mita 23. Fiye da rabin wannan zane, ɓangarensa na ƙasa, ba awo ba ne, cikon manhaja ne, kuma a kansa wani zai ɗora gini.

Mataki na shida: daga zare zuwa hawa-hawan ƙasa

Yanzu kwamfuta za ta yi lissafin komawa baya. Tana ƙirƙiro ƙasa ta gwaji mai hawa kaza, kowane da kaurinsa da gudunsa, ta lissafa zaren da zai bayar, ta kwatanta da naka, ta gyara, sau dubbai. Abin lura, ƙasa iri-iri za su iya ba da zare kusan ɗaya. Siririn hawa mai laushi ƙwarai da kakkauran hawa mai matsakaicin laushi suna iya kama da juna.

Saboda haka ka fara da hawa uku ko huɗu, kada ka ƙara sai bayanan sun tilasta maka. Ka bar kaurin hawa ya ƙaru da zurfi, domin ganin hanyar yana dushewa in an nitsa. Ka gaya wa manhaja zurfin ruwa, ta ɗaga gudun P zuwa 1500 ko sama daga nan. In ka ga alamar ɓawo, ka buɗe mata damar sa hawa mai laushi ƙarƙashin mai tauri, don wasu a rufe suke zuwa. Sannan ka ɗauko abin da mahaƙin rijiya ya faɗa maka ka daidaita iyakokin hawa. A babban aiki, a haƙa aƙalla rami ɗaya na gwaji a ciro samfur. Jiyofon ji yake yi, gani kuwa ya kori ji. MASW ba ta gaya maka wannan yumɓu ne mai kumbura ko rairayi, kuma ƙaramin kogo a cikin farar ƙasa zai iya kuɓuce mata.

Mataki na bakwai: lambar da injiniya ke jira

Ita ce Vs30, matsakaicin gudun S a mita 30 na sama. Ba tara gudu ake yi a raba ba, lokaci ake tarawa. Ga misali na koyo. A ce mita 3 na farko gudunsu 160, mita 7 na biye 220, mita 10 na biye 340, mita 10 na ƙarshe 600. Raba kowane kauri da gudunsa: 0.0188, da 0.0318, da 0.0294, da 0.0167. Jimla daƙiƙa 0.0967. Raba 30 da wannan, ka sami 310. Wanda ya ninka kauri da gudu ya tara ya raba da 30 zai sami 381, kuma wannan bambanci ya isa ya tsallakar da fili daga wani aji zuwa wani.

A tsohon tsarin NEHRP na Amurka mai raba ƙasa aji-aji, na kafin 2020, sama da 1500 aji A ne, 760 zuwa 1500 B, 360 zuwa 760 C, 180 zuwa 360 D, ƙasa da 180 E. A tsarin Eurocode 8 na Turai na 2004, sama da 800 A ne, 360 zuwa 800 B, 180 zuwa 360 C, ƙasa da 180 D, sai E ga laka ko rairayi mai kaurin mita 5 zuwa 20 da ke zaune kai tsaye a kan dutse. Filin misalinmu D ne a wancan tsari na Amurka, C a na Turai. Harafi ɗaya ma'ana biyu, don haka ka rubuta tsarin da ka bi.

Vs30 kaɗai ba ta isa ba. Ka lissafa kaɗawar da ƙasar ta fi so: gudun hawa mai laushi a raba da ninki huɗu na kaurinsa. Laka mai kaurin mita 20 da gudun 200 tana ba da 2.5 Hz, wato lilo ɗaya a daƙiƙa 0.4. Bene kuma a ƙiyasi yana ɗaukar daƙiƙa 0.1 ga kowane hawa. Ke nan bene mai hawa huɗu a wannan fili ya yi daidai da kiɗan ƙasar, kuma abin da ya faru a Meziko ke nan. Ka kwatanta wannan lamba da ƙololuwar da na'urar fuska uku ta nuna. In sun yi kusa, zanenka ya sami shaida ta biyu.

A fadama akwai tambaya ta uku. Rairayi sako-sako mai cike da ruwa, in an jijjiga shi, yakan saki jiki ya koma kamar koko, kamar yadda ya faru a Niigata ta Japan a 1964 inda benaye suka kwanta ba su karye ba. A hanyar Andrus da Stokoe ta 2000, rairayin da gudunsa, bayan an gyara shi da nauyin ƙasar da ke kansa, ya haura wajen 200 zuwa 215 ba a sa ran zai narke. Wanda ya gaza haka, yana ƙarƙashin ruwa, sai an bi shi da gwajin haƙa. A nan zurfin ruwa na damina za a yi lissafi da shi, na watan Agusta da Satumba, ko da a rani aka yi awon. Haka ma ɓawon laka na sama yakan fi tauri a rani fiye da yadda zai kasance bayan ruwa ya sauka, don haka a rubuta ranar awo.

Abin da zai shiga rahoto

Taswirar layuka da lambobin GPS, irin jiyofon da tazara da wuraren bugu, naɗin asali kamar yadda ya fito, hoton rarrabuwa da ɗigon da ka zaɓa a kansa, da kwatancen bugun gaba da na baya. Zanen ƙasa kada ya zama layi ɗaya: ka nuna tarin waɗanda suka dace da bayanan, a ga inda suka matse da inda suka buɗe. Ka ja layi a zurfin da awonka ya tsaya da gaske. In Vs30 ta faɗo kusa da iyakar aji, a ce 350 ko 370, ka ba da ita da faɗin shakkarta, ka shawarci injiniyan gini ya ɗauki ajin da ya fi laushi. Fayilolin asali kuma a miƙa wa mai aiki kwafi, a ajiye wani, domin duk wanda zai gina a filin da ke kusa zai buƙace su.